BABI NA UKU: TARIHIN ƊAUKAR MALAMAI AIKI A JAMI'AR AHMADU BELLO, ZARIYA, 1962 ZUWA 2023

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin Palladan da yadda take zaune a bakin hanyar da ta tashi daga Sabon Gari ta nufi Samaru, ta zarce Funtuwa da Sakkwato. A wannan babi kuwa za a duba tarihin yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙa ɗaukar malamanta aiki, tun daga buɗe ta a shekarar 1962 har zuwa shekarar 2023. Dalilin kawo wannan bayani cikin nazarin da ya shafi Palladan shi ne, jami'ar ita ce babbar ma'aikata a wannan yanki, kuma duk wani sauyi da aka samu a tsarinta na ɗaukar ma'aikata yakan bayyana a unguwannin da ke maƙwabtaka da ita.

Tambayoyi biyu ne babin zai yi ƙoƙarin amsawa. Ta farko, daga ina jami'ar take samo malamanta? Ta biyu, wane ne yake da wuƙa da nama wajen ɗaukarsu? Za a ga cewa amsar ta sauya har sau uku. Da farko ana neman malamai ne ta hannun Landan. Daga baya sai jami'ar ta koma renon nata a Samaru. A ƙarshe kuma ikon amincewa da ɗauka ya karkata zuwa ofisoshin Gwamnatin Tarayya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya magance wata matsala, ya kuma bar wata a bayansa.

3.1 Matakan Aikin Malanta da Ƙa'idar Ɗauka

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a fayyace matakan aikin malanta a jami'a, domin su ne ma'aunin da ake ɗaukar mutum a kai. Matakan guda bakwai ne. Na ƙasa shi ne malami ɗan koyo, wato wanda yake da digiri na farko mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, aka riƙe shi domin ya ci gaba da karatu yana taimakawa a sashe. Daga shi sai mataimakin malami, wanda yawanci yake da digiri na biyu. Sai malami mai daraja ta biyu, da malami mai daraja ta ɗaya, sannan babban malami. Na shida shi ne rida, wato mataimakin farfesa. Na ƙoli kuwa shi ne farfesa, wanda wasu suke kira shehun malami. Wannan tsari gadonsa aka yi daga jami'o'in Ingila.

A ƙa'ida, sashe ne yake fara bayyana cewa yana da gurbi. Idan hukumar jami'a ta amince, sai ofishin magatakarda ya buga sanarwa a jarida. Mai neman aiki zai aiko da takardar nema, da tarihin karatunsa da ayyukansa, da jerin rubuce-rubucensa, da sunayen mutum uku waɗanda za su ba da shaida a kansa. Sashe da tsangaya su tace takardun, a kira waɗanda suka cancanta a yi masu intabiyu. Daga nan sai Kwamitin Ɗauka da Ƙarin Girma ya yanke shawara a madadin Majalisar Gudanarwa ta jami'a, wadda a doka ita ce uwar ɗakin ma'aikata. Wanda aka ɗauka yakan yi wa'adin gwaji kafin a tabbatar masa da aikinsa. Idan kuwa muƙamin rida ko farfesa ne, sai an aika da rubuce-rubucen mutum ga wasu farfesoshi na wajen jami'ar sun auna su a asirce. Wannan ita ce ƙa'ida a rubuce. Yadda aka bi ta a aikace kuwa ya danganta ne da zamani, kamar yadda za a gani a ƙasa.

3.2 Zamanin Ɗauko Malamai Daga Waje, 1962 Zuwa 1966

An buɗe jami'ar ranar 4 ga watan Oktoba, 1962, bayan rahoton Kwamitin Ashby na shekarar 1960 ya ba da shawarar a kafa jami'a a Jihar Arewa. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa wasu makarantu ne da suke nan tun da can: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Samaru, da Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika, da kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Ta fara da tsangayoyi 4 da sassa 15 da ɗalibai 426, waɗanda 147 ne kawai daga cikinsu 'yan Arewa.

Babbar matsalar da ta fuskanci Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da mashawartansa ita ce ta waɗanda za su koyar. Ilmin boko bai yi nisa a Arewa ba a zamanin mulkin mallaka, 'yan ƙalilan ɗin da suka yi digiri kuwa gwamnati tana bukatarsu a ma'aikatunta. Saboda haka cikin rukunin farko na malaman da aka ɗauka, 'yan Nijeriya biyu ne kacal: Dokta Iya Abubakar a fannin lissafi, da Malam Adamu Baikie a fannin ilmi. Shugaban jami'ar na farko ma, Dokta Norman Alexander, mutumin ƙasar Niyuzilan ne, wanda a da ya kasance farfesan kimiyyar fiziya a Ibadan.

Ta hanyoyi uku aka riƙa samo malamai a wannan lokaci. Hanya ta farko ita ce gadon malaman da suke koyarwa a makarantun da aka haɗa. Ta biyu ita ce wata majalisa da aka kafa a Landan a shekarar 1946 domin taimakon jami'o'in ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Ita ce takan buga sanarwar gurbi a jaridun can, ta haɗa masana su gana da masu nema, sannan ta aiko da shawararta Zariya. Ke nan mutum yakan sami aiki a Samaru alhali bai taɓa taka ƙasar Nijeriya ba. Hanya ta uku ita ce yarjejeniya da jami'o'in Amurka, wadda hukumar ba da agaji ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinta. Ta haka ne Jami'ar Jihar Kansas ta turo malamai a fannin aikin gona da likitancin dabbobi, Jami'ar Pittsburgh kuma ta turo nata Kongo.

Yawancin waɗannan baƙi a kan kwantaragi aka ɗauke su, na shekaru biyu ko uku, tare da gida a cikin jami'a, da kuɗin jirgin zuwa hutu, da garatuti idan wa'adi ya cika. Wannan ya dace da manufar da gwamnatin Arewa ta ɗauka tun shekarar 1954, ta fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati, in babu shi a ɗauki baƙo a kan kwantaragi. Hikimar ita ce, baƙo yana da ranar tafiya, gurbin kuma zai jira ɗan gida ya gama karatu. Amfanin tsarin shi ne jami'ar ta fara da ƙwararru waɗanda duniya ta san da su. Aibinsa kuwa shi ne rashin ɗorewa, domin da yawa sukan tafi kafin su yaye magada. Akwai dai waɗanda suka zauna har ƙarshen rayuwarsu. Fitacce a cikinsu shi ne Farfesa H. F. C. Smith, wanda ya kafa Sashen Tarihi a 1962, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

3.3 Zamanin Renon 'Yan Gida, 1966 Zuwa 1975

Shekarar 1966 ta girgiza jami'ar. A watan Janairu aka kashe Sardauna, wanda shi ne uban jami'ar na farko. A watan Mayu, da kuma watannin Satumba da Oktoba, aka yi tarzomar da ta ci rayukan mutanen Jihar Gabas masu yawa a garuruwan Arewa, har da Sabon Garin Zariya. Ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suka bar jami'ar, yaƙin basasa kuma ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. A cikin wannan hali ne Dokta Ishaya Audu, likitan yara, ya karɓi shugabancin jami'ar a 1966, shi ne kuma ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe muƙamin.

Darasin da hukumar jami'ar ta ɗauka daga wannan shi ne, da ɗan gari akan ci gari. Sai aka mayar da hankali ga renon malamai daga cikin ɗaliban jami'ar. Shugaban sashe yakan sa ido a kan ɗalibin da ya yi fice, idan ya gama sai a riƙe shi a matsayin malami ɗan koyo, bayan shekara ɗaya ko biyu a tura shi Ingila ko Amurka ko Kanada ya yi digiri na biyu da na uku, yana karɓar albashinsa, bisa sharaɗin zai dawo ya yi wa jami'ar aiki. A wajajen 1970 aka buɗe Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a a Samaru, wadda ta ƙara yawan 'yan Arewa masu shiga ajin digiri, ta haka kuma ta faɗaɗa rumbun da ake zaɓen malamai daga cikinsa.

Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani ba mai digiri ne yake neman aiki ba, aiki ne yake nemansa. An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, shida daga cikinsu a Arewa, kowace tana neman masu digiri ruwa a jallo. Bankuna da kamfanoni su ma suna zawarcinsu. Ɗalibi yakan sami tayin aiki fiye da ɗaya kafin sakamakon jarrabawarsa ya fito, har sai shugaban sashe ya lallashe shi kafin ya yarda ya zauna a jami'a. Daga 1973, da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, sai an jira shi shekara guda kuma kafin ya dawo.

Renon 'yan gida bai sa an rufe ƙofa ga baƙi ba. Hasali ma a shekarun 1970 ne jami'ar ta fi cika da mutanen ƙasashe daban-daban: Indiya da Pakistan da Masar da Sudan da Gana da Polan, da 'yan Yuganda da suka guje wa mulkin Idi Amin, da 'yan Afirka ta Kudu da suka guje wa mulkin wariyar launin fata. Dokta Patrick Wilmot, mutumin Jamaika, ya fara koyar da ilmin zamantakewa a 1970. Cuɗanyar waɗannan baƙi da matasan malamai 'yan gida, irin su Dokta Yusufu Bala Usman na Sashen Tarihi, ita ce ta fito da sunan Samaru a fagen muhawarar ilmi.

A 1973 wani abu ya faru wanda ya nuna raunin matsayin malami. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki a kan albashi, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba su zaɓi: ko su koma aiki, ko su fita daga gidajen jami'a. Suka koma. Daga nan malamai da yawa suka gane cewa gidan da yake zuwa tare da takardar ɗauka, tare da ita yake tafiya.

3.4 Komawa Hannun Gwamnatin Tarayya, 1975 Zuwa 1985

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Shekara guda kafin haka an ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ƙarfin doka, ta zama ita ce mai raba kuɗi ga jami'o'i. Tun da ta hannunta kuɗin albashi yake fitowa, sai ya zama yawan guraben da jami'a za ta cike ya danganta ga abin da aka amince da shi a Ikko. Har ila yau a shekarar, korar ma'aikata da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi ta shafi jami'o'i, abin da ya rage tabbacin da ake da shi cewa aikin jami'a na har ritaya ne.

A 1975 ɗin kuma aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai: Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kalaba da Kano da Ilori da Fatakwal. Waɗanda ke Arewa, musamman Kano da Sakkwato da Maiduguri, sun dogara ƙwarai ga Jami'ar Ahmadu Bello wajen samun malamai da shugabanni. Kwalejin Abdullahi Bayero ta rabu da ita, ta zama Jami'ar Bayero a 1977 a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur, wanda a da shi ne shugaban cibiyar Kongo. Dokta Shehu Galadanci ya tafi Sakkwato ya zama shugaban jami'ar can na farko, daga baya Dokta Mahdi Adamu na Sashen Tarihi ya gaje shi. Farfesa Adamu Baikie kuwa ya shugabanci Jami'ar Binin daga 1978. Ma'anar wannan ita ce, waɗanda aka ɗauki shekara goma ana reno sun watsu a daidai lokacin da suka isa su yi renon wasu.

Duk da haka, kuɗin man fetur ya rufe wannan giɓi na ɗan lokaci. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, da tsarin albashi na musamman da aka ware wa jami'o'i bayan rahoton Kwamitin Cookey na 1981, sun sa aikin yana da daraja. Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, saboda haka baƙo yana iya aika wani kaso na albashinsa gida ya ga amfaninsa. Sanarwar guraben aiki takan fito a jaridar New Nigerian ta Kaduna da Daily Times ta Ikko, ana kuma ci gaba da ganawa da masu nema a Landan. Alamun matsala sun fara bayyana ne daga 1982, sa'ad da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, fitar da kuɗi waje kuma ya yi wuya.

3.5 Faɗuwar Naira da Ƙaurar Malamai, 1986 Zuwa 1998

Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 shi ne ya karya tsohon tsarin ɗaukar malamai. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai kimanin naira 4, a 1993 kuma kimanin naira 22 a farashin gwamnati. Albashin farfesa, idan aka juya shi zuwa kuɗin waje, ya zama abin da ba zai jawo kowa daga wata ƙasa ba. Baƙi suka riƙa tafiya da zarar kwantaraginsu ya ƙare, ba a kuma sami masu maye gurbinsu ba. 'Yan gida su ma suka bi sahu. Likitocin asibitin koyarwa da yawa suka tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, wasu malaman suka nufi Amurka da Ingila da kudancin Afirka, wasu kuma suka koma bankuna. Tura malamai ƙanana karatu waje ya kusa tsayawa, sai dai mutum ya yi digirinsa na biyu da na uku a sashen da ya yi na farko.

Ban da talauci, akwai kuma matsin siyasa. Bayan kisan ɗalibai da 'yan sanda suka yi a Samaru a watan Mayu na 1986, an kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, daga nan ne kuma zargin nan ya yaɗu cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A 1988 aka kama Dokta Wilmot aka fitar da shi daga ƙasar, bayan shekara 18 yana koyarwa. A shekarar aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, wadda aka kafa a 1978. A 1989 aka sallami Dokta Bala Usman, sai da kotu ta mayar da shi bakin aikinsa. Bashin dala miliyan 120 da aka karɓo daga Bankin Duniya a 1990 domin jami'o'in tarayya shi ma ya zo da sharaɗin rage ma'aikata.

Yajin aikin 1992, wanda ƙungiyar malamai ta yi a ƙarƙashin Dokta Attahiru Jega, ya haifar da yarjejeniyar watan Satumba na shekarar, wadda ta kawo gyaran albashi, ta kuma kai ga kafa asusun harajin ilmi a 1993. Sai dai rikicin cikin gida ya ci gaba a Samaru, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya ya zama kantoman jami'ar daga 1995 zuwa 1998. A wannan lokaci ikon ɗauka da sallama ya tattaru a hannun mutum ɗaya. A 1996 aka sallami ma'aikata da dama. Mutum 110 daga cikinsu suka kai ƙara, amma sai a 2015 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke hukuncin cewa a mayar da su a biya su haƙƙoƙinsu, wato bayan shekara 19.

3.6 Raba-Daidai da Ikon Abuja, 1999 Zuwa 2023

Tun a tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba-daidai, wato a tabbatar kowace jiha ta sami rabonta a ma'aikatun tarayya. A 1996 aka kafa hukuma ta musamman domin kula da wannan, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da ita. Daga nan sai ya zama jami'ar tarayya ba ta kammala ɗaukar ma'aikata sai hukumar ta duba ta ba da takardar shaida. Manufar mai kyau ce, domin ta hana wani ɓangare mamaye ma'aikata. Amma ga aikin malanta ta zo da wata tambaya mai wuya: idan gurbi ɗaya ne a fannin da masanansa ba su da yawa, cancanta za a bi ko jihar asali?

A ɗaya ɓangaren kuma, gyaran dokar jami'o'i na 2003 ya ƙara wa Majalisar Gudanarwa 'yanci, gyaran 2012 kuma ya ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70, na sauran malamai zuwa 65. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, ya farfaɗo da tura malamai karatu waje, ko da yake ba duka ne suka dawo ba. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya shugabanta a 2012 ya gano cewa malamai 37,504 ne a jami'o'in gwamnati na ƙasar, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai suke da digiri na uku. A daidai lokacin ne ake ta buɗe sababbin jami'o'i kusa da Zariya: ta Wudil a 2001, ta Jihar Kaduna a 2004, ta Jihar Katsina a 2006, na tarayya a Dutsin-ma da Dutse a 2011, da ta Gusau a 2013. Da yake manyan malamai ba su wadata ba, sai waɗannan jami'o'i suka riƙa aron na Samaru a matsayin malaman ziyara.

Matakin da ya fi taɓa ikon jami'a shi ne tilasta mata shiga tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, wato IPPIS, wanda ya fara aiki a kan malamai a 2020. A ƙarƙashinsa, ba a sa sunan sabon ma'aikaci a jerin masu albashi sai an sami izini daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, da ofishin kasafin kuɗi, da Hukumar Raba-Daidai, da ofishin Babban Akanta. Gwamnati ta ce ta yi haka ne domin kawar da ma'aikatan bogi. Ƙungiyar malamai kuwa ta ce tsarin ya saɓa wa dokar jami'o'i, kuma bai tanadi wuri ga malamin ziyara da na kwantaragi ba. Wannan yana cikin dalilan yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022. Abin da ya biyo baya shi ne, malami yakan rasu ko ya yi ritaya ko ya bar ƙasar, gurbinsa ya daɗe ba a cike ba, alhali ga masu digiri na uku suna yawo da takardu. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin, ta kuma ba su damar ɗaukar ma'aikata ba tare da neman izinin ofishin Shugaban Ma'aikata ba.

3.7 Tasirin Waɗannan Sauye-sauye a Kan Palladan

A zamanin farko malami ba ya da hulɗa da Palladan sai ta wucewa a mota zuwa kantunan Sabon Gari ko tashar jirgin ƙasa. Gidansa yana cikin unguwannin ma'aikata na jami'a, irin su Eriya A da Eriya BZ. Waɗanda suke zaune a Samaru da Palladan su ne ƙananan ma'aikata: masinjoji da direbobi da kuku da masu gadi da leburori, tare da ma'aikatan makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a yankin a 1964.

Da yawan malamai ya zarce yawan gidajen jami'a, sai sabon ɗauka ya zama ba ya samun gida nan take, dole ya nemi haya a waje. Bugu da ƙari, malamin da aka rena a gida ba kamar baƙo ba ne. Baƙo yana lissafin ranar komawa ƙasarsu, shi kuwa ɗan gida yana lissafin inda zai zauna bayan ritaya, ga kuma darasin 1973 da na 1996 a gabansa. Wannan ya sa malamai suka shiga sayen filaye a Palladan da Hanwa da Zango da Bomo, gonaki suka riƙa komawa gidaje. Kasancewar Palladan a tsakiya, tsakanin Samaru da Kongo da kasuwar Sabon Gari, ya ƙara mata farin jini. Haka kuma dogaron yankin ga albashin jami'a ya sa duk lokacin da aka shiga dogon yajin aiki, ko aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, masu gidajen haya da 'yan tireda da masu abin hawa sukan ji a jikinsu.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin ɗaukar malamai a Jami'ar Ahmadu Bello na tsawon shekara 61. An ga cewa neman malamai ta hannun Landan ya ba jami'ar ƙwararru, amma bai ba ta masu zama ba. Renon 'yan gida ya ba ta masu zama, har ta wadata sauran jami'o'in Arewa da su, amma da naira ta faɗi, baƙi suka tafi, sai ya rage malami yana koyarwa a sashen da ya yi dukkan karatunsa, ba tare da cuɗanya da wasu makarantun tunani ba. Sa hannun Gwamnatin Tarayya kuwa ya zo da niyyar adalci da tsare dukiyar jama'a, amma ya nisanta shawarar ɗauka daga sashen da ya san irin malamin da yake bukata.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lokacin da jami'ar ta fi yin suna, wato shekarun 1970 zuwa farkon 1980, shi ne lokacin da abubuwa uku suka haɗu: ana renon 'yan gida, ƙofa tana buɗe ga baƙi, albashi kuma yana riƙe duka biyun. Matakin 2023 ya mayar da wani ɓangare na ikon ɗauka ga jami'a, amma bai taɓa batun albashin da zai jawo masani daga wata ƙasa ko ya hana na gida tafiya ba. A babi na gaba za a duba yadda zaman ma'aikatan jami'a ya sauya tsarin mallakar filaye da gidajen haya a Palladan.